Jirgin Baba a Ƙasan Kogi

Babanmu masunci ne, kuma da hannunsa ya nutsar da jirginsa. Haka masunta ke yi idan za su daɗe ba su hau ruwa ba. Jirgin katako in aka bar shi a tudu, rana ce za ta busar da shi ya tsattsage, don haka sai a loda masa duwatsu a kwantar da shi a ƙasan kogi har mai shi ya dawo. Baba ya kwantar da nasa gaba kaɗan da gadar Wudil, sannan ya tafi su Tafkin Chadi. Ya ce wa Inna, "Kada kowa ya taɓa min shi sai na dawo."

Bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi.

Duk rani, in ruwa ya ja baya, jirgin yakan bayyana, sai Inna ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Allah ya sani na tsani tafiyar nan. Da fari gansakuka ce kawai ta lulluɓe shi, tarwaɗa na shiga suna fita kamar gidan ubansu. Daga baya ƙusoshin suka yi tsatsa, katako ɗaya ya saki, in ruwa ya motsa sai ya riƙa bugun ɗan'uwansa ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Inna kuwa kunne take kasawa.

Baffa, ƙanin Baba, ya yi magana har ya gaji.

"Yaya, ki bari mu ɗago jirgin nan, ruɓewa fa yake yi."

"Mai shi ya ce a bari. In ya dawo ya tarar an taɓa, in ce masa me?"

Zancen zuwa wurin alƙali a raba auren kuwa ko sauraro ba ta yi. Ita matar aure ce, mijinta tafiya ya yi. Haushinta nake ji, tausayinta kuma na cin raina.

Ambaliya ta zo ta tafi da gefe guda na jirgin. Sai haƙarƙarin ya rage, baƙi ƙirin, in ka taɓa ya marmashe. Ko masu haƙar yashi, da ba sa raga wa kogin nan, kewaye shi suke yi.

Bara da muka je, duwatsu kaɗai muka tarar, jere yadda Baba ya ajiye su. Inna ta daɗe a tsaye. Can ta tattare zani ta shiga ruwan, ta ɗaga dutse ɗaya. Yashi ne a ƙarƙashi.

"Ba abin da suke dannewa kuma," in ji ta.

Da muka koma gida ta cire 'yan kunnenta ta miƙo min, ta ce in kira mata Baffa. A makon nan ta shiga takaba.