Sunan da Inna ba ta faɗa

Yayana ya rasu a damina, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafarmu na wajen Guri. Kwalekwalensa ne ya kife cikin kachalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe ruwan yankinmu. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba sai ga shi a shafin sada zumunta yana yi wa jama'a barka da Juma'a.

Wasu ne suka sace shafin suka ɗora masa na'urar da ke rubutu da kanta. Hotonsa na nan, yana riƙe da tarwaɗa yana dariya, amma yanzu tallan caca yake yi, yana aika wa matan aure saƙon banza da Hausar da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli matar maƙwabci ba! A kasuwar kifi ta Haɗeja na ji wani yana cewa ashe dama haka yake. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na rubuta wa kamfanin sada zumuntar cewa mai shafin ya mutu, su rufe. Suka ce in kawo shaida. Na tura katinsa na ɗan ƙasa, suka ce sunan bai yi daidai ba. Ina zai yi daidai? Shi ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba saboda kunya. Da laƙabin da kakarmu ta sa masa kowa ya san shi, da shi ya buɗe shafin, kuma babu takardar da ke ɗauke da laƙabin. Na sake turawa har na gaji, amsar ba ta canja ko harafi ɗaya ba.

Na ɓoye wa Inna, amma wata maƙwabciya ta kai mata labari. Ta same ni a tsakar gida.

"Sunansa suke nema?"

"Inna, ba mutum ba ne ke amsawa."

"Ba ni wayar."

Ba a kira kowa ba, amma ta riƙe ta da hannu biyu kusa da bakinta, ta faɗi sunan yankan, a karo na farko tun da ta haife shi. Ta ce, "Ɗana ne. Ya rasu. Ku ƙyale shi ya huta."

Ta miƙo min, ta ce sun ji? Na ce sun ji.

Har yau duk Juma'a yana gaishe mu.