Ƙarar da Na Ji a Ƙarƙashin Motar Baba

Shekaruna tara a lokacin, don haka mai yiwuwa ne wasu abubuwan sun cakuɗe mini, ina neman afuwa tun yanzu. Ranar ce kawai ba na shakkarta. Wata Laraba ce da hantsi, a daminar shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Motar Baba ta kafe a taɓo tsakanin gonarmu ta shinkafa a Lagdo da bakin kwalta, shi yana kwance a ƙarƙashinta, ƙanwata Hadiza kuma tana kan cinyar mahaifiyarmu Dada, ƙafarta ta kumbura saboda saran maciji. Asibitin Garwa muka nufa.

Motar tsohuwar kat-kat ce, irin wadda tayoyinta huɗu duka suke ja. Da ita Baba yake ɗauko bandar kifi zuwa kasuwa, kuma ni da Hadiza ke wanke ta a tsakar gida in mun taso daga makaranta, mu goge ƙarnin kifin da toka da soso, sannan mu hau gaba muna rigimar wadda za ta riƙe sitiyari. Baba yana son riga kowa isa kasuwa, shi ya sa ya matsa wa ƙanensa Baffa Hamadu, bakanike, har ya ɗora mata injin wata babbar mota. Sauran ƙarafan kuwa aka bar su yadda suke, har da kardan, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi. Ina jin Baffa ya ce, "Yaya, inji sabo ne, amma ƙashin tsohuwa ne zai ɗauki nauyin. Ka sauya kardan." Baba ya yi dariya ya ce, "Kai dai tsoronka ya fi sifanarka yawa." Da kayan gyara suka yi tsada a shekarar, sai aka yi wa tsohon walda kawai. Ba na ganin laifin Baba, kusan kowa haka yake yi.

Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne wannan. Ni nake zama a baya kan kwanduna, kuma kwana uku kafin ranar na ji wata ƙara a ƙarƙashin ƙafata, ƙwas, ƙwas, duk lokacin da Baba ya taka mai. Shi yana gaba, rugugin injin ya rufe masa kunne. Na san in na faɗa, motar za ta kwana a garejin Baffa, a fasa zuwa Lagdo, ga hutu ya kusa ƙarewa. Sai na yi shiru.

A cikin taɓon nan kardan na baya ya balle a daidai waldar. Baba ya kwance shi ya jefar, ya ce tayoyin gaba za su fitar da mu. Ya taka mai da dukan ƙarfinsa, injin ya yi ruri, sai ƙarfen gaba shi ma ya karye. Injin bai mutu ba, yana ta aiki lafiya lau, motar kuwa ko motsi. Baba ya saɓa Hadiza a kafaɗa ya kama gudu, Dada na binsa tana cewa, "Kada ki yi barci, Dije, yi mini magana." Kafin su sami mai babur a bakin kwalta, Hadiza ta daina amsawa.

Baba bai sake tuƙi ba. Aka jawo motar, ta ruɓe a bayan gida, kaji na kwana a cikinta.

Yanzu na yi karatu, na tambayi likitoci biyu, kuma dukansu sun ce wataƙila ko mun isa da wuri ba za ta rayu ba. Kalmar wataƙila ce ta hana ni sakewa. A yau samarin Garwa na ƙara wa motocinsu ƙarfi suna tsere a kan kwalta, ni kuwa ko tasi na shiga, kunnena yana ƙasa.

Baba da Dada sun rasu ba su sani ba. Idan akwai wanda ya yi aiki a garejin Baffa, ko ya ga ƙarfen nan bayan an ɗauko shi, don Allah ya gyara mini inda na yi kuskure. Ya kuma faɗa mini gaskiya, ko da ba mai daɗi ba ce: da na yi magana, da an sauya shi?