Daffayar da Na Kai wa Rabi Tabuk

Makka

Kafin asuba na baro gidanmu na unguwar Kudai, rungume da kwali kamar jariri. Matata Rabi ta haihu a Tabuk, gidan yayarta Hinde, kuma a waya ta ce mini sanyi ya hana jaririyar barci. Nan take na kama shiri.

Daffaya ce a kwalin, na'urar ɗumama ɗaki. A unguwar Shisha na saye ta wurin Baffa Sale mai gyaran na'urar sanyi.

"Ɗakin mita nawa ne?" in ji shi.

"Ban taɓa ganinsa ba, Baffa."

"To ɗauki ƙaramar. Wai sanyi! Sanyin me?"

Mu duka haihuwar Makka ne. Sanyin da muka sani shi ne wanda ake kashewa da maɓalli.

Hanyar Madina

A shingen bincike jami'i ya duba iƙamata, wato katin izinin zama, ya leƙa kwalin, ya tambayi inda za ni. Da ya ji Tabuk sai ya yi dariya. "Ƙafa ɗaya kawai wannan za ta ɗumama, ya shaihu." A Madina na ci gurasar tamis da wake, na sauya bas, ina ta tsara yadda Rabi za ta dube ni.

Tabuk

Washegari da hantsi na sauka, iska ta mare ni. Yaya Hinde ta karrama maijego da babban falon baƙi, mai dogon rufi da tagogi uku. Na kunna daffayar, muka zuba mata ido. Har la'asar yatsun 'yata sanyi ƙalau, tana ta kuka.

"Angon ƙarni, shayi ka zo dafa mana?" in ji Yaya Hinde.

Rabi ba ta yi dariya ba. Ta ƙara ƙudundune yarinyar, ta ce a hankali, "Yaya, ba ita ce ta yi kaɗan ba, falon ne ya yi yawa. Mu koma ɗakin ajiya."

"Maijego a ɗakin ajiya? Masu barka su ce me?"

"Su shigo ɗaya-ɗaya."

Na kwashe buhunan shinkafa, na toshe ƙasan ƙofa da bargo. Kafin magariba ɗakin ya ɗauki ɗumi. Na taɓa yatsun nan, na ji su kamar gurasar safe. Ta yi barci a ƙirjina.

Komawa

Bayan suna na dawo Makka lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Yaya Hinde. Baffa Sale ya tare ni yana share gumi.

"Ta isa?"

"Ta isa, Baffa. Ɗakin muka rage."