Ranar da Yo'ila Ya Hana a Kira Jinƙai

A wani ƙauye kusa da Ollelewa, idan akuya ta ɓata ba a cewa a je nema, sai dai a ce a kira Yo'ila. Manomi ne kamar kowa, daga gidajen Kiristoci uku da kakanninsu suka taso daga wajen Maraɗi. Kunne ne Allah ya ba shi. Zai tsaya a bakin gona, ya tuɓe hula, ya rufe ido, kowa ya yi tsit, har mai tari ya haɗiye tarinsa. Can sai ya miƙa yatsa, inda ya nuna kuwa nan ake bi ba tambaya. Rissa, Buzun da ke shayar da raƙuma a rijiyar garin, yana rantsuwa cewa Yo'ila ya jiyo kukan taguwarsa daga bayan tudu uku. Tudu ɗaya ne, amma Rissa ba ya son a rage masa labari.

Shekara uku da suka wuce abin ya soma lalacewa. Yana jin komai, amma bai san daga ina yake fitowa ba. Zakara zai yi cara a bayansa, ya waiga gefe. Ƙafarsa ma ta fara tangaɗi, wannan kuwa ya fi tsorata shi, don da irin haka mahaifinsa Gidiyon ya ƙare, yana tafiya ƙafafu a ware, ana yi da shi wai ya sha, alhali bai taɓa ɗanɗana giya ba.

Shi da matarsa Salomi suka tafi asibitin Damagaram a ɓoye. Likitan ya gwada shi ya ce:

"Baba, kunnenka ƙalau yake, abin a ƙwaƙwalwa ne. Sauti yana riga isa kunnen da ke kusa kafin na nesa, da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwai ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa da ke auna wannan tazarar. Kowace in ta buga, sai wasu 'yan ƙofofi a jikinta su buɗe, wani sinadari da muke kira potasiyom ya fita, ta huce nan take, ta shirya wa bugu na gaba. Ina zaton ƙofofinka ne suka yi nawa."

Salomi ta ce kamar mata biyu ke nan a turmi ɗaya, in ɗaya ta makara sai taɓare su yi karo. Likita ya ce haka ne. Yo'ila ya tambayi abin da ke cin ransa, ko ciwon yana bin jini. Likitan ya ce yakan bi.

Yo'ila bai faɗa wa kowa ba. In an zo kiransa sai ya ce zazzaɓi yake yi.

Ana gab da girbi, hatsi ya shanye kan mutum, sai ga ɗansa Gayus da gudu tsakar rana. 'Yar Gayus ɗin, Jinƙai, mai shekara shida, ta bi uwarta kai fura gona tun hantsi, ta shige cikin hatsi, ba a sake ganinta ba. Ba ruwa a hannunta, rana kuwa ta take. Wannan karon zancen zazzaɓi bai taso ba.

Yo'ila ya tarar da rabin gari a bakin gonar suna ta ƙwala kira. Da ganinsa aka yi tsit. Ya tuɓe hula. Ya ji ta kuwa, wani siririn kuka, sai dai kukan ya zo masa ta gaba, ta baya, ta ko'ina. Idanu sun fi hamsin a kan yatsansa, ya kuma san in ya nuna yamma don ya fita kunya, duk garin yamma zai bi.

Uwar yarinyar ta kasa daurewa ta sake kira, jama'a suka taya ta. Da aka yi shiru, kukan ya ƙara nisa. Aka sake, ya ƙara nisa. Nan Yo'ila ya tuna makon jiya da ya kira Jinƙai daga zaure, ta juya tana nemansa wajen rumbu, shi kuma ya yi dariya ya ce amaryarsa ta fara jan aji.

"Ku bar kiranta!" ya daka tsawa.

Gayus ya ce, "Baba, nuna mana kawai, don Allah."

"Ban sani ba, Gayus. Shekara uku ke nan ban san inda sauti ke fitowa ba. Ita ma ina jin ba ta sani ba. Kuna kira, tana zaton ku take bi, tana ƙara nisa da ku."

Salomi ce ta warware jan ɗankwalinta ta ɗaura a kan gora, ta miƙa wa Rissa. Ya hau raƙuminsa ya shiga gonar a hankali, gorar a sama, don yarinyar ta hango. Sauran suka tsaya baki a rufe. Uwar ta cusa gefen zani a bakinta don kada kira ya kuɓuce mata. Yo'ila bai taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba.

La'asar ta kawo jiki raƙumin ya ɓullo, Jinƙai a gaban Rissa, leɓunanta sun bushe, ƙarangiya ta cika mata zani. Aka ba ta ruwa, mata suka rangaɗa guɗa, Gayus ya durƙusa yana godiya ga Ubangiji.

Da ta ɗan farfaɗo aka sauke ta daga cinyar uwarta. Ta taka zuwa inuwa, ƙafafu a ɗan ware. Yo'ila ya lallaɓa ya tsaya a damanta, nisan taku huɗu, yana roƙon Allah a zuci ya ƙaryata shi.

"Amarya," ya ce a hankali.

Fuskarta ta washe da jin muryarsa. Ta juya hagu tana cewa, "Kaka, kana ina?"