Kaskon Ruwan Ƙudan Zuma

Ranar wata Laraba ce ta watan Mayu, saura mako uku mu zauna jarrabawar satifika, malaminmu Mushe Illa ya rufe littafin karatu ya aza shi kan tebur. Badamagare ne mai saurin ɗaga bulala, kuma shi ne ya hana mu yin yaren gida cikin aji. Amma ran nan ya dube mu, zufa ta jiƙe mu sharkaf, ya ce: "Kun haddace labarin nan kamar aku, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ku buɗe kunnuwa." Sai ya ba mu shi da Hausa, ya maimaita da Zabarmanci. Ashe labarin wani attajiri ne da ƙwari suka dame shi a lambunsa, ya sa aka kashe su da magani. Itatuwa suka daina ƴaƴa, ya sayo furannin roba ya kakkafa, ya zauna cikinsu ba ƙamshi ba motsi. Kafin Mushe ya kai ƙarshe alƙalamin bik ya suɓuce daga hannuna. Na ɗauka da ni yake.

Mu mutanen Tawa ne. Babana ya zo Yamai cin rani, ya samu lambu a Gudel kusa da bakin kogi, ya zauna ke nan. Kafin mu tafi lakwal, wato makarantar boko, ni da ƙannena sai mun shayar da salati da kabewa, in mun taso mu kori awaki, mu yi langa, mu faɗa ruwa har idanu su yi ja. A tsakiyar lambun akwai tsamiya, a kanta Baba ya ɗaura amya biyu. Da bazara yakan ajiye wa ƙudan zuma kasko cike da ruwa a gindinta, da ƴan tsakuwa a ciki don kada su nutse. "Waɗannan su ne ma'aikatan da ba sa neman lada," in ji shi. Bayan lambunmu na Baba Hamani ne, wani tsoho Bazabarme, wanda hanyarsa ta zuwa kogi ta ratsa ta cikin namu. Goro ɗaya suke rabawa da babana.

Inuwar tsamiyar nan ita ce wurin karatuna, domin gida ba ya zaunuwa da rana. Wata rana ina haddar labarin nan, ina nanata Faransancin da ban san ma'anarsa ba, ƙudan zuma ɗaya ya harbe ni a fatar ido. Idon ya kumbura ya rufe, washegari na lalata dikte, wato shifta, Mushe ya zane ni son ransa. Daga nan tsoro ya zama biyu: in na zauna gindin tsamiya ga harbi, in ban zauna ba ga bulala da faɗuwa jarrabawa. To, a shekarar Baba Hamani ya fara sayen maganin ƙwari na kwalba yana fesa wa shu, wato kabeji, yana ɓoye kwalbar cikin bukkarsa. Ranar da na ga ba kowa, na shiga na tsiyayo cikin murfi, na zuba a kaskon. Wallahi nufina su ji wari su yi ƙaura.

Kashegari ƙasan tsamiya ya yi baƙi da gawar ƙudan zuma. Baba ya ɗaga kaskon ya sunsuna, ya nufi bukkar maƙwabcinsa, don shi kaɗai ke da wannan magani a duk yankin. Ina laɓe bayan zogale. Baba Hamani bai ɗaga murya ba. "Malam Isufu, ba ni ba ne," ya ce, ya ɗan dubi wajen da nake, ya kau da kai. Kafin la'asar Baba ya toshe hanyar da ƙaya. Daga ranar sai tsohon nan ya yi dogon zagaye da bokiti biyu, yana tafe yana hutawa, furannin kabewarmu kuwa suna ta zuba ba su ɗaura ba.

Shi ya sa bayan wannan Laraba abinci ya daina shiga mini. Duk lokacin da Baba ya kira sunana sai gabana ya faɗi. Na san in na faɗi gaskiya zai cire ni daga lakwal, domin dama ba son ransa ba ne aka sa ni. Ranar jarrabawa labarin ya fito, aka tambaye mu wa ke da laifin mutuwar lambun. Na rubuta amsa, kuma na ci. Da sakamako ya fito, Baba Hamani ya kira ni ta kan shingen ƙaya, ya miƙo mini gwaba uku. "Ɗan lakwal, Allah ya sa karatun ya yi amfani." Na karɓa, na cusa su a aljihu. Shekara na kewayowa ya bar lambun ya koma ƙauye. Shi da babana duk sun rasu ba su shirya ba, karatun nawa ma bai yi nisa ba.

Bara na nemo ɗan Baba Hamani, Saini, a kasuwar Wadata, na tsuguna na faɗa masa komai. "Ai Baba ya gan ka ran nan," ya ce. "Cewa ya yi a bar yaro ya yi jarrabawarsa."

Yau inda tsamiyar take gidan siminti ne. A falona na unguwar Bukoki akwai furannin roba da jikokina ke kaɗe wa ƙura, zumar da muke saye kuwa rabinta sukari ne. Duk bazara ina ajiye kasko da ƴan tsakuwa a tsakar gida, wani lokaci ƙuda biyu ko uku su sauka su sha. Har yanzu ba na ajiye shi sai na sunsuna ruwan.