Muryar Babana a Cikin Kwamfuta

Nura, ɗan Baffana, shi ya sa na goge muryar mahaifina da hannuna, sannan ya bar ni da sunan. Ranar wata Talata ce cikin bazara, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, wata biyar da rasuwar Baba. Har yau akwai tsofaffi a unguwarmu a Babura da ke nuna ni da baki idan na wuce.

Baba malamin gona ne. Shi ya sayo tsohuwar kwamfuta a gwanjon ofis, ya ajiye ta a ɗakinsa kusa da rumbu, Inna ta rufe ta da zanen atamfa. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya sa Nura, wanda ya yi ɗan kwas a Kano, ya naɗi maganarsa a cikin kwamfutar, ya kuma saita ta yadda duk aka kunna na'urar ita za ta fara fitowa. Da farko tari, sai ƙarar kujera, sai sallama. Daga nan ya ce: "Gonar fadama tawa ce, ba ta gandu ba ce. Da amfaninta za a yi wa Habu karatu." Ni ne Habun. Bayan mun binne shi, duk ranar da aka kawo wuta na kunna, sai tarin nan ya cika tsakar gida da rana tsaka. Awaki su daina tuƙa a turke. Inna ta tsayar da taɓarya ta amsa sallamar, kamar yanzu ya shigo daga zaure. Baffa kuwa ya daina bi ta ƙofar ɗakin.

Ni yaro ne, abin da ke raina daban. Ƙwallon tsumma da langa sun ishe ni tun da Nura ya zo da faifan tseren motoci. In na gama jan ruwa a rijiya, na zuba wa awaki harawa, sai ɗakin Baba. Amma wasan ya ƙi tashi. Da an danna, allon ya yi baƙi, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci. Nura ya ce, "Cewa take memori ya yi mata kaɗan, kaya sun yi mata yawa a ka." Ranar Litinin ya gyara a gabana. Ya rufe abin da ke kunna muryar da wasu tarkace da ke aiki a ɓoye, ya sake dannawa, jar mota ta fito tana gurnani. Muka yi tsere har aka ɗauke wuta.

Washegari akwatin ya sake fitowa. Na ce a yi irin na jiya. Ya ce na jiya ba ya ɗorewa, sai an share abu mai nauyi. Ya nuna mini wani ɗan hoto mai kama da sifika, ya ɗora hannuna a kan linzamin kwamfutar, ya janye nasa. "Danna nan. Yanzu nan. Ce mata e." Na danna. Ya kashe, ya kunna, muka zauna muna jiran tari. Babu. Sai hucin fankar kwamfutar kawai. Inna tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ta jira daidai tsawon da aka saba, sannan ta ce, "Wa alaikumus salam." Wallahi kujerar Baba da ke bayanmu, wadda ba kowa a kanta, ta yi ƙara. Nura ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Da yamma ya gaya wa dangi cewa ya je bayan gida ne ya dawo ya tarar na yi ɓarna. Baffa ya zane ni da igiyar guga. Kafin damina ta faɗi, fadama ta koma gandun gida a hannun Baffa, ni kuma na koma bin shanun huɗa. Inna ba ta taɓa zagina ba. Ta ci gaba da amsa sallama duk ranar da aka kawo wuta, ko da an kunna ko ba a kunna ba, har ta rasu.

Yanzu 'ya'yana suna tsere a waya. In ta ce ta cika, su share hotuna ba ko waiwaye. Ni ko ƙarar motar na ji, tari nake ji a ƙarƙashinta, sai in tashi in bar wurin.

Bara na haɗu da Nura a wajen wata jana'iza a Kazaure, ya yi tumbi, yana riƙe da makullin mota. Ya kama hannuna ya ce, "Habu, abin nan fa ƙuruciya ce, ni ma ban san zai goge ba."

Na zare hannuna. Na ce, "Yaya Nura, ranar Litinin rufewa kawai ka yi, motar ta tashi, ina zaune. Ka san gyaran. Ranar Talata ba wasa ka zo gyarawa ba, aiko ka aka yi. Ka riƙe fadamar. Amma ranar da za a kwantar da kai kamar wannan bawan Allah, Baba zai maimaita maganarsa, kuma babu yaron da za ka ba linzami."