Mai Kwalba na Sashen Kemistiri

A shekarar da jami'armu ta yanke shawarar kwashe bayanan ma'aikatanta daga fayil zuwa kwamfuta, ni aka tura tsangayar kimiyya. Ina aiki ne a ofishin kula da ma'aikata, shekarata ta huɗu ke nan. Aikin da aka ba ni ba mai wuya ba ne a baki: in sami kowane ma'aikaci, in tambaye shi abin da yake yi, in cike masa fom. Kafin mako ya zagayo an laƙaba mini Mai Fom, har masu shara da haka suke gaishe ni.

A jerin sashen kemistiri akwai mutum ɗaya da aka rubuta masinja, mataki na uku. Na neme shi a bencin ƙofar shugaban sashe, inda masinjoji kan zauna, ban ga kowa ba. Da na tambayi sakatariya sai ta tuntsire da dariya.

"Masinja? Mai Kwalba kike nufi. Rabonsa da ɗaukar takarda tun ban zo nan ba. Bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙofar da ke kusa da tukwanen gas."

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya. Bututun gilashi dogaye da gajeru suna jingine a kusurwa kamar karan dawa. Wani dattijo siriri yana zaune gaban harshen wuta shuɗi, sanye da baƙin tabarau da aka ɗaure hannunsa ɗaya da waya. Yana juya bututu cikin wutar, ya ɗaga, ya hura a hankali, sai ga ciki ya fito masa zagaye kamar ƙwai. Na yi sallama. Bai amsa ba sai da ya ajiye.

"Ki gafarce ni, 'yata. Gilashi ba ya jiran gaisuwa."

Na zauna a kan wani akwati, ya ba ni labarinsa. Yana da shekara ashirin da biyu aka ɗauke shi masinja. A lokacin akwai wani tsohon ma'aikaci a wannan ɗakin, mai faɗan tsiya, wanda ke ƙera kayan gwaji na gilashi da gyara waɗanda ɗalibai suka fasa. Tsohon yakan sa shi share ɓaraguzai. Daga shara ya koma riƙe masa bututu, daga riƙo ya koma ƙone yatsu. Ya nuna mini su, duk tabo, fatar ta yi sulɓi. Da tsohon ya yi ritaya ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba, aka kulle ɗakin. Ana saura kwana uku jarrabawa wata ɗaliba ta fasa na'urar tace ruwa, na'urar kuwa ita kaɗai ce a sashen. Ya karɓi mabuɗi ya gyara. Ba a sake karɓar mabuɗin daga hannunsa ba, yau shekara ashirin da bakwai.

"Ba a taɓa gyara maka takarda ba, Baba?"

"An rubuta sau biyu. Takarda ta tafi, ba ta dawo ba. Da ni na kai ta da kaina da ta isa, ai aikina ne."

Na duba fayil ɗinsa daga baya. Wasiƙun biyu suna ciki, kowace da "a duba" a gefenta da jan biro.

Matsalar ta fito ne da na buɗe fom. Sabon tsari ya soke muƙamin masinja, tunda wasiƙu ta kwamfuta za su riƙa tafiya; wanda ke kan muƙamin, ko a sauya masa aiki ko a sallame shi. In kuma na zaɓi ma'aikacin ɗakin gwaji, sai fom ya tsaya cik, ya nemi a ɗora takardar difloma. Shi kuwa firamare ya gama. Na bayyana masa, ina jin nauyin bakina.

"To rubuta abin da kika gani," in ji shi.

"Babu gurbinsa, Baba."

Ya mayar da tabaransa. "Ashe ke ma aikin ya fi ƙarfinki."

Na kai maganar gaban ogana, mataimakin magatakarda. Mutum ne mai gaskiya, kuma shi ya yi shekaru yana fafutukar a kawo tsarin. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo aljihun teburinsa, cike da 'yan guntayen takardu na manya, kowace tana cewa a taimaki mai ɗauke da ita.

"Kin ga waɗannan? Saboda su muka ce sai da shaida. Yau in na buɗe wa naki ƙofa don ya cancanta, gobe mai kawu zai shigo ta nan, shi ma a ce ya cancanta."

Gaskiya ya faɗa. Na san direban da bai iya tuƙi ba, na san mai buga takarda da yatsa ɗaya. Amma kuma na ga ƙwan gilashin nan da idona. Na koma na zauna da littafin ƙa'idojin aiki, ina bin sa shafi-shafi, har na ci karo da wani sashe da ya yarda kwamiti ya gwada ƙwarewar ma'aikaci a madadin takarda. Ogana ya karanta sau biyu, ya ce tun da ya zo bai ga an yi amfani da shi ba, amma doka ce, a bi ta.

Wanda ya ƙi shi ne Mai Kwalba.

"A gwada ni? Wa zai gwada ni? Waɗanda na goge wa hawaye da suka fasa kayan gwamnati?"

Sai da na bi shi gida wata Asabar. Maiɗakinsa ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta zauna tana ɗinke rigar jikarta, kamar ba ta ji. Da ya gama kawo hujjojinsa ta cije zare ta ce, "Malam, shekara nawa in an tambaye ni aikinka nake cewa masinja, sai in ƙara da dogon bayani? Bakina ya gaji. Je ka a gwada ka." Ranar Litinin ya sa hannu.

Wata bakwai aka ɗauka kafin kwamitin ya zauna. Mutum uku ne, shugabarsu wata farfesa, wadda ashe ita ce ɗalibar nan da ta fasa na'urar. Ta ce a rubuta hakan a bayanin zama, kada wani ya ce an ɓoye. Gwajin hannu bai kai minti arba'in ba; ɗaya daga cikinsu ya ɗaga abin da Mai Kwalba ya ƙera a hasken taga yana neman inda aka haɗa, bai gani ba. Amma akwai gwajin rubutu. Na hango shi ta ƙofa, ya duƙufa a kan takarda yana ta juya biro a hannu. Rabin tambayoyin ya bar su fari.

Aka ba shi mataimakin ma'aikacin ɗakin gwaji. Muƙamin bai kai aikin da yake yi ba, kuma saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Na kai masa wasiƙar ina jin kunya. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce madalla. Abin da ya dame shi daban ne.

"In na tafi, kulle ɗakin za a sake yi?"

Wannan karon tsarin ya yi mana rana. Tunda aikin ya shiga kwamfuta da sunansa, gurbi ya tabbata, aka tallata shi a fili. Mutum sittin da wani abu suka nema, duk da difloma, babu wanda ya taɓa hura gilashi. Aka ɗauki wata mata mai 'ya'ya biyu, wadda a takarda ta fi shi mataki huɗu. Ranar farko ya miƙa mata tsintsiya. Ta zo ofishinmu da fushi, na ba ta haƙuri, ta koma. Wata goma sha huɗu suka yi tare, suna faɗa suna shiryawa, ita tana rubuta duk abin da ya faɗa a wani littafi, shi yana cewa littafi ba ya jin zafi.

Ni kuwa na koma kan jerin tsangayar. Mutum ɗari da tara na cike wa fom, mafi yawansu a tsaye a baranda, ban shiga inda suke aiki ba. Na nemi izinin sake zagayawa, aka ce lokaci ya ƙure, an rufe shafin.

Bayan ritayarsa na gamu da shi sau ɗaya, a layin asibitin jami'a, ya zo a duba masa ido. Ya tambayi ogana, ya tambayi yarana, sannan ya tambayi magajiyarsa, ko tana barin gilashi ya huce a hankali ko har yanzu tana gaggawa. Na ce ban ji an yi kuka da ita ba.

Ya gyaɗa kai. "Hannunta ya fi nawa taushi," in ji shi. "Amma kada ki gaya mata, kanta zai kumbura."

Aka kira lambarsa, ya tashi ya shiga.